Asali da Ma'anonin Wasu Baƙin Kalmomin Ingilishi na Filin Kuzar Jos

1.0 Gabatarwa

Nazarin aron kalmomi ba sabon fage ba ne a Hausa. Tun daga ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 ake nuna kalmar da ta fito daga Larabci da wadda ta fito daga Ingilishi, kuma masanan da suka biyo baya sun yi aiki mai yawa wajen bayyana irin kwaskwarimar da ake yi wa baƙuwar kalma kafin ta dace da tsarin sautin Hausa. Sai dai akasarin waɗannan ayyuka sukan tsaya ne da zarar an ce kalma kaza daga Ingilishi take, kamar dai Ingilishin abu guda ne dunƙulalle wanda ya shigo ƙasar nan ta ƙofa ɗaya. Alhali kuwa Ingilishin da ya shigo ta makaranta daban yake da wanda ya shigo ta barikin soja, haka nan su biyun sun bambanta da wanda ya shigo ta ramin kuza.

Wannan maƙala ta shafi kashi na ƙarshen nan ne. A shekarar 1902 Kamfanin Neja ya tura George Nicolaus neman inda kuzar da ake gani a kasuwannin Arewa take fitowa, a 1903 kuma H. W. Laws ya biyo sawunsa har ya hau tsaunukan Jos. Kafin Yaƙin Duniya na Farko kamfanoni barkatai sun cika wurin. Turawan da suka zo aikin ba malaman makaranta ba ne, ba kuma joji-joji ba. Mahaƙa ne, da yawansu daga yankin Kwanwal na kudu maso yammacin Ingila, inda aka shafe dubban shekaru ana haƙar kuza, wasu kuma daga Ostareliya. Kowannensu ya zo da karin harshen sana'arsa, kuma da shi aka rubuta takardun hayar filaye da rahotannin ma'aikatar ma'adinai, waɗanda ake ajiye da su a gidan adana takardun tarihi na Kaduna. Mai fassara ko ɗalibin tarihin da ya tunkari waɗannan takardu da ƙamusun makaranta kaɗai zai sha tuntuɓe, domin kalmar da ya sani zai gani, amma ma'anar ba wadda ya sani ba ce.

Ba za a tsaya a kan kalmomi irin su lebura da shebur da diga da manaja ba, domin sun riga sun zama 'yan gida, kuma an sha bayaninsu.

2.0 Kalmomin Bakin Rami

Duk wanda ya bi hanyar Jos zuwa Bukuru, ko ya ratsa Rayfield zuwa Barikin Ladi, zai ga manyan tafkuna masu zurfi, gefensu da tulin jar ƙasa. Ba Allah ne ya halicce su haka ba, ramukan kuza ne da ruwa ya cika bayan an tashi daga aiki. A takardun kamfanoni sunan irin wannan rami "paddock". Idan aka buɗe ƙamus kuwa, ma'anar farko da za a tarar ita ce ɗan killataccen fili da ake sakin dawaki su yi kiwo, ko wurin da ake tara su kafin sukuwa. Mai fassarar da ya ga rahoton cewa lebura ya mutu a "paddock" sai ya zaci doki ne ya harbe shi, alhali ƙasa ce ta rufta masa.

Tushen kalmar shi ne "pearroc" na tsohon Ingilishi, wato shingaggen wuri, kuma dangi ce ga kalmar "park". Ta rayu a karin harsunan karkara da siffar "parrock", daga baya baƙin r na tsakiya ya rikiɗe ya koma d. Masu nazarin tsarin sautin Hausa ba za su yi mamakin wannan ba, tunda sun saba da dangantakar r da baƙaƙen hanƙa a kalmomi irin su farke da fatake, ko da yake a Hausa canjin ya bi ta ɗaya ɓangaren ne. Da kalmar ta isa Ostareliya sai ma'anarta ta faɗaɗa, ta zama kowane fili da aka kewaye, kome girmansa. Bayan an gano zinariya a can a 1851, mahaƙan Ostareliya da na Niyuzilan suka riƙa kiran faffaɗan ramin da suke yankewa a ƙasar da ruwa ya tara ma'adini a cikinta da wannan suna. Ana iya ganin yadda aka yi tsallen: abin da ya haɗa makiyayar doki da ramin haƙa shi ne yanki mai iyaka ta kowace kusurwa. Kuzar Filato irin wadda ruwa ya kwaso ya jibge a tsofaffin hanyoyin rafi ce, saboda haka salon haƙar Ostareliya ya dace da ita, sunan ramin kuma ya biyo salon.

Akwai wata kalmar "paddock" ɗin dabam a karin harshen Sikotilan da arewacin Ingila, wadda ke nufin kwaɗo. Ba ta da alaƙa da wadda ake magana a kai, duk da cewa wanda ya kwana kusa da tafkunan nan da damina yana iya rantsewa akwai.

Kalmar da ta fi wannan rikitarwa ita ce "tribute", da mai yin aikin, wato "tributer". A Ingilishin yau da kullum "tribute" na nufin abin da na ƙasa yake kai wa na sama, kamar gaisuwar da sarakuna suke aikawa Sakkwato a ƙarni na 19, ko kuma yabon da ake yi wa mamaci. Babu ko ɗaya daga cikin biyun da ya shafi ramin kuza. A Kwanwal hanya biyu ake biyan mahaƙi. Ta farko ita ce "tutwork", inda ake auna yawan ƙasa ko dutsen da mutum ya fasa a biya shi, wato jinga ke nan. Ta biyu ita ce "tribute", inda ake yanka wa ƙungiyar mahaƙa wani sashe na rami, a yi ciniki a kan sule nawa za su ɗauka daga kowace fam ɗaya ta kuɗin ma'adinin da suka fito da shi. In sun dace da jijiya mai kyau su yi arziki, in ba su dace ba su tashi a tutar babu. A nan ke nan "tribute" ba abin da talaka ya kai wa mai mulki ba ne, kason da mai rami ya bar wa ma'aikaci ne.

Abin sha'awa shi ne, ma'anar mahaƙan ta fi kusa da tushe. Kalmar ta fito ne daga "tributum" na Latinanci, harajin da ake raba wa 'yan ƙasar Rum, daga aikatau "tribuere", wato rabawa ko kasaftawa, shi kuma daga "tribus", rukunan da aka kasa mutanen Rum a cikinsu. Daga wannan saiwa Ingilishi ya sami "tribe" da "distribute" da "contribute". Rabo shi ne ginshiƙin ma'anar, kuma shi mahaƙan Kwanwal suka riƙe.

A Jos tsarin ya sake siffa. Kamar yadda Bill Freund ya nuna a littafinsa na 1981 a kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuzar Nijeriya, "tributer" ɗan ƙasa ne da ba ya cikin masu albashi. Yakan tona a filin da kamfani ya riƙe haya, ya wanke ƙasar a ƙwarya ko kwano, ya kawo kuzar a auna a biya shi gwargwadon nauyinta, kuma ba shi da ikon sayar wa wani in ba mai filin ba. Cinikin kaso da ake yi a Kwanwal ya ɓace, farashi ya koma hannun kamfani shi kaɗai. Saboda haka fassara kalmar da "mai biyan haraji" kuskure ne babba, fassara ta da "ɗan kashi-mu-raba" kuma ta dace da Kwanwal amma ta yi wa kamfanonin Jos alfarmar da ba su cancanta ba. Abin da ya fi kusa da gaskiyar lamarin shi ne a ce mai haƙa ya sayar wa mai fili.

Wankin kuza ba ya yiwuwa sai da ruwa mai yawa, Filato kuwa takan bushe da rani. Don haka kamfanoni suka gina madatsai suka yanka dogayen magudanai masu bin gefen tudu. Sunan irin wannan magudana "leat", kalmar da mutumin Landan da wuya ya taɓa furtawa, amma ta kowa ce a Kwanwal da Debon. Ta samo asali daga "gelaet" na tsohon Ingilishi, dangin aikatau "let", wato bari ko saki, ma'ana hanyar da aka sakar wa ruwa. Mafi shahara a Ingila ita ce wadda ake jingina wa Francis Drake, da aka gama a 1591 don kai ruwa garin Plymouth. Hausa ba ta ari wannan kalma ba. Abin da ta ara don magudanar ruwa shi ne lambatu, daga "number two", abin da ke nuna cewa lebura lambar da aka ba magudanar ya ji ana faɗi, ita kuma ya riƙe. Haka aro yake sau da yawa: abin da kunne ya fi ji ake ɗauka, ba abin da ke rubuce a takarda ba.

Da wutar lantarki ta samu, musamman bayan kafa kamfanin NESCO a 1929 da tasharsa ta Kurra, sai aka shiga rushe bangon rami da ƙarfin ruwa. Ƙaton bututun da ke feso ruwan sunansa "monitor", daga "monere" na Latinanci, wato gargaɗi ko tunatarwa. Kalmar nan ce dai ta ba mu monitan aji, kuma da ita Ingilishi yake kiran dangin guza da damo, bisa tsohon camfin cewa sukan yi gargaɗin zuwan kada.

3.0 Sunayen Ma'adinai

Kalmar "tin" ita kanta tsohuwa ce a Ingilishi, kuma tana da 'yan'uwa a harsunan dangin Jamusanci, kamar "Zinn" na Jamusawa. Amma alamar ƙarfen a ilimin kimiyya Sn ce, daga "stannum" na Latinanci. A zamanin Pliny, wanda ya rasu a shekara ta 79 Miladiyya, "stannum" gamin azurfa da dalma yake nufi. Kuza kuwa Rumawa suna ce mata farar dalma, ita dalmar su ce mata baƙar dalma. Sai daga baya "stannum" ta koma sunan kuza. Daga gare ta aka sami baƙuwar kalmar nan "stannary", wato gundumar haƙar kuza a Kwanwal da Debon, mai kotunanta na musamman, waɗanda Sarki John ya tabbatar wa mahaƙa haƙƙoƙinsu a cikinta a 1201, ba a kuma soke kotun ƙarshe ba sai da dokar 1896.

Haɗa kuza da dalma a ƙarƙashin suna ɗaya ba Rumawa kaɗai suka yi ba. Tun kafin zuwan Turawa Hausawa suna narka kuza a Riruwai ta ƙasar Kano da kuma Riruwan Dalma ta ƙasar Bauci, suna zuba ta sirara kamar tsinken ciyawa, fatake suna kai ta kasuwanni. Irin waɗannan tsinkaye ne suka ja hankalin Kamfanin Neja tun farko. Sunan garin na biyu shaida ne cewa kalmar dalma ta taɓa ɗaukar ƙarafan biyu, tunda abin da aka san garin da narkawa kuza ce. Ƙarafa ne masu taushi, masu saurin narkewa, masu kama da juna a ido, don haka ba abin mamaki ba ne al'ummu biyu da ba su san juna ba su yi musu kallo ɗaya.

Baƙin yashi mai nauyi da ake wankewa a Jos sunansa na kimiyya "cassiterite". Masanin ma'adinai na Faransa, Beudant, shi ya raɗa shi a 1832 daga "kassiteros", sunan kuza da Girkanci, tare da ɗafa-ƙeyar "-ite" da ake liƙa wa sunayen duwatsu. Girkawa sun yi imani da wasu tsibirai can yamma da suke kira "Kassiterides", tsibiran kuza, waɗanda Hirodotus a ƙarni na 5 kafin Miladiyya ya ambata tare da cewa shi bai san inda suke ba. Wanda ya yi karatun Larabci zai gane kalmar nan take, domin ƙasdir, sunan kuza da Larabci, ita ce dai "kassiteros" cikin wata riga. Almajirin da ya je Jos ci-rani a zamanin kamfanoni ya riga Baturen da ke auna masa kuza sanin tushen wannan kalma, in da an tambaye shi.

Tare da kuzar akan sami wani baƙin ma'adini da aka daɗe ana zubarwa a matsayin datti, wato "columbite". A 1801 Charles Hatchett ya binciki wani dutse da ke ajiye a gidan tarihi na Landan, wanda aka kawo daga Amurka, ya gano sabon ƙarfe a cikinsa, ya sa masa suna "columbium", daga "Columbia", laƙabin da mawaƙa suke yi wa Amurka saboda Kolumbus. Shekara guda bayan haka, a 1802, Anders Ekeberg na Suwidin ya gano wani ƙarfen mai kama da shi ya kira shi "tantalum". Tantalus a tatsuniyoyin Girkawa sarki ne da aka yi wa azaba: an tsayar da shi cikin ruwa, in ya sunkuya zai sha ruwan ya janye, ga 'ya'yan itace bisa kansa, in ya miƙa hannu reshen ya ɗaga. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Ekeberg ya zaɓi sunan ne saboda ma'adinin yakan zauna cikin ruwan asid ba tare da ya sha ko kaɗan ba. Daga wannan sarki Ingilishi ya sami aikatau "tantalize", wanda babu fassarar da ta fi dacewa da shi kamar ƙwalele.

Ƙarafan biyu sun yi kama ƙwarai har aka daɗe ana ɗaukarsu abu ɗaya. A 1844 Heinrich Rose na Jamus ya sake rarrabe su, ya kira na farkon "niobium", daga Niobe 'yar Tantalus, domin kullum tare da uban ake samunta. Suna biyu suka yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa sama da shekara ɗari, har ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta duniya ta tsayar da "niobium" a 1949. Dutsen dai ya ci gaba da amsa "columbite". A farkon shekarun 1950, lokacin yaƙin Koriya, Amurka ta shiga sayensa da tsada domin ƙera injunan jiragen sama masu jure zafi, Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi, aka koma ana tone tsofaffin jujin da aka zubar. Dutsen da aka raɗa wa sunan Amurka, Amurkar ce ta zo Filato nemansa. Kalmar "coltan" da ake ji a labaran Kwango gutsuren "columbite" ne da na "tantalite" aka haɗa.

Na ƙarshe a wannan rukuni shi ne "wolfram", wanda ake samu a duwatsun Riruwai da wasu sassan Bauci da Filato. Mahaƙan Jamus ne suka sa masa suna, kumfar kyarkeci, domin in ya shiga tukunyar narka kuza yakan rage abin da za a samu, kamar kyarkeci ya faɗa garken tumaki. Ingilishi ya fi kiran ƙarfen "tungsten", daga harshen Suwidin, ma'ana dutse mai nauyi, amma alamarsa ta kimiyya W ce har yanzu.

4.0 Kalmomin da Suka Zama Sunayen Wurare

Haƙar kuza ta kai ƙololuwa a 1943, lokacin da Malaya take hannun Japan aka kuma tilasta wa dubban talakawan Arewa aikin rami daga 1942 zuwa 1944. Daga nan ta yi ta ja da baya, har kasuwar kuza ta duniya ta rushe a watan Oktoba na 1985. Yawancin kalmomin da aka tattauna a sama sun tafi tare da kamfanonin. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka manne wa ƙasa.

Bariki daga "barracks" take, wadda Ingilishi ya aro daga "baraque" na Faransanci a ƙarni na 17, asalinta kuma "barraca" na Sifaniya, bukkar da soja yake kafawa. Hausa ta yar da s ɗin jam'i ta ƙara wasalin ƙarshe, sannan ta faɗaɗa ma'anar fiye da yadda Ingilishi ya taɓa yi: masaukin Bature a kan hanya, unguwar Turawa, sansanin leburorin kuza, daga nan kuma duk wata rayuwa da ta fita daga idon iyaye da sarakuna. Ɗan bariki da barikanci ba su da takwara a Ingilishi. Barikin Ladi sansanin kuza ne ya zama gari, Ladi kuwa sunan macen da aka haifa ran Lahadi ne. Rubutun hukuma na "Barkin Ladi" ya haɗiye wasalin tsakiya, har baƙo yana iya zaton barka ake yi wa Ladin.

A kusa da Bukuru akwai Sabon Gidan Kanar, kuma kanar ɗin da ya fi shahara a tarihin kuzar Filato shi ne Laws da aka ambata a farko. Kalmar "colonel" tana cikin waɗanda rubutunsu da furucinsu suka fi saɓawa a Ingilishi. Asalinta "colonnello" na Italiyanci, shugaban "colonna", wato jerin soja. Faransawa suka mai da l na farko r don gudun haɗuwar l biyu a kalma ɗaya, suka ce "coronel", Ingilishi kuma ya ara a haka a ƙarni na 16. Daga baya masu rubutu suka koma ga siffar Italiyanci, amma baki ya ƙi bin alƙalami. Ana iya zaton r ɗin da ke cikin kanar shi ne wancan na Faransawa. Ba shi ba ne. Turawan kudu maso gabashin Ingila sun daina furta r kafin baƙi, don haka babu shi a abin da Bahaushe ya ji. R na ƙarshen kanar daga l na ƙarshen kalmar ya fito, kamar yadda ya faru a tebur da fensir da kyandir da shebur da kofur da janar. Kalmar ta sami r sau biyu ke nan a tarihinta, kowanne daga l, a harsuna biyu da ƙarni huɗu ya raba.

Rashin furta r ɗin nan shi ya sa mutanen Jos suke cewa Taminus, ba su ce Tarminus ba. "Terminus" a Latinanci dutsen iyaka ne da ake kafawa tsakanin gonaki, kuma sunan gunkin da Rumawa suka ɗora wa tsaron iyakoki, wanda suke yi wa biki ran 23 ga Fabrairu. A tatsuniyarsu, da za a gina babban ɗakin bautar Jupiter a Rum, sauran gumaka duk sun yarda a gusar da su, shi kaɗai ya ƙi motsi, dole aka yi ginin da shi a ciki. A ƙarni na 19 Ingilishi ya ba tashar da layin dogo ya ƙare wannan suna. Kafin jirgi ya zo, a ka ake ɗaukar kuza zuwa Loko a bakin Binuwai. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Jos da Bukuru a 1914, babban layi daga Kafanchan ya iso a 1927, kuma ko da aka ja layi zuwa Maiduguri, wanda aka gama a 1964, daga Kuru aka reshe shi, Jos ta ci gaba da zama maƙurar hanya. Kasuwa da shaguna da tashoshin mota suka taru a kewayen tashar, sai kalmar da ke nufin ƙarshe ta koma nufin tsakiyar gari. An rufe ƙaramin layin a 1957, babbar kasuwar da ke wurin ta ƙone a watan Fabrairu na 2002, amma har yau fasinjan da ya tsayar da mota a Bukuru ko Farar Gada zai shiga gari, Taminus yake cewa.